Tasirin Suriyalanci a Kan Waƙoƙin Farisa na Zamani da Darasinsa ga Marubuta Waƙoƙin Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda wata mazhabar adabi da ta tsiro a Faransa, wadda ake kira Suriyalanci, ta shiga cikin waƙoƙin Farisa na ƙarni na 20, a ga abin da ta gyara da abin da ta ɓata, sa'an nan a jawo darasi domin amfanin masu rubuta waƙoƙin Hausa da masu koyar da su.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu ƙarami ne. Na je duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji a makarantun Gaya da Ajingi, sai wani daga cikinsu ya miƙo mini waƙar da ya rubuta, ba kari, ba amsa-amo, kuma na karanta ta sau uku ban san inda ta dosa ba. Da na tambaye shi ma'anarta sai ya ce ai irin wannan waƙa ba a tambayar ma'anarta, domin salon mafarki ne, kuma ya gani a intanet cewa haka manyan mawaƙan duniya suke yi yanzu. Yaron nan mai basira ne, kuma gobe shi zai tsaya a gaban aji ya gaya wa yara abin da ake kira waƙa. Saboda haka tambayar da ya tayar ta cancanci amsa ta ilimi.

Ana iya cewa, ina ruwan Bahaushe da Farisa? Dalilin zaɓen ta shi ne, a cikin al'ummun da suka riga mu fuskantar wannan matsala, da wuya a sami wadda tarihin waƙarta ya yi kama da namu kamar ita. Farisawa sun ari ma'aunin waƙa na Larabci, watau aruli, suka ɗora harshensu a kai, kamar yadda malamanmu suka yi. Waƙarsu ta girma a hannun malamai da sufaye, kamar tamu. Ba kuma baƙi ba ne a zaurukanmu: Shehu Abdulƙadir Jilani mutumin Jilan ne, Sibawaihi Bafarishe ne, kalmar nan ma "ƙamus" daga sunan littafin Firuzabadi muka same ta. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

2.0 Ma'anar Suriyalanci

Mawaƙin Faransa Guillaume Apollinaire ne ya ƙago kalmar a 1917, ma'anarta kuwa abin da ya wuce zahiri. Andre Breton ne ya mayar da ita mazhaba, da ya buga takardar manufofinta a birnin Paris a 1924. Breton ya fara karatun likita, ya kuma yi aiki da sojojin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya taɓa wa hankali. Daga nan, da kuma karanta Sigmund Freud, ya ɗauki ra'ayin cewa a ƙarƙashin hankalin mutum akwai wata taska ta mafarkai da sha'awoyi wadda hankali da tarbiyya suka danne, aikin mawaƙi kuwa shi ne ya buɗe ta.

Hanyoyinsu guda biyu ne suka shafe mu. Ta farko ita ce rubutun sakin hannu, watau mutum ya yi ta rubuta duk abin da ya faɗo masa a rai da sauri, ba tunani, ba gyara. Breton da abokinsa Philippe Soupault sun gwada wannan a 1919. Ta biyu ita ce haɗa abubuwa biyu waɗanda babu wata dangantaka a tsakaninsu cikin siffantawa ɗaya. A ganinsu, gwargwadon nisan abubuwan, gwargwadon ƙarfin hoton. Ya kamata a lura cewa wannan mazhaba 'yar fushi ce. Samari ne da suka ga Turai mai taƙama da hankali da kimiyya ta hallaka miliyoyin 'ya'yanta, suka yanke ƙauna daga hankalin da kuma addinin iyayensu. Duk wanda zai ari salonsu, ya kyautu ya san ciwon da ya haife shi.

3.0 Shigarsa Farisa

3.1 Nima Yushij

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka cewa sabuwar waƙar Farisa daga Suriyalanci ta fito. Uban wannan waƙa shi ne Nima Yushij, wanda ya rasu a 1960. Ya koyi Faransanci a makarantar Saint Louis ta Tehran, ya kuma rubuta doguwar waƙarsa *Afsaneh* a 1922, shekara biyu kafin takardar Breton. Mawaƙan Faransa na ƙarni na 19 ya karanta. Gyaran da ya kawo kuwa na mai hankali ne. Bai jefar da aruli ba. Ya riƙe ƙafar waƙa, amma ya yarda wani ɗango ya fi wani tsawo gwargwadon buƙatar magana, ya kuma sa amsa-amo inda ma'ana ta nema maimakon ƙarshen kowane baiti. Hotunansa daga ƙauyensu na Yush da dazuzzukan Mazandaran ya ɗebo su. Shi ne ya buɗe ƙofar da Suriyalanci ya shigo ta cikinta daga baya.

A fannin zube, Sadegh Hedayat ya fitar da *Buf-e Kur*, watau Makauniyar Mujiya, a Bombai wajen 1937. Labari ne da mafarki da farke suka cakuɗe a cikinsa. Da aka fassara shi zuwa Faransanci a 1953, Breton da kansa ya yaba masa. Amma kayan da Hedayat ya gina labarin da su, irin su zanen gidan alƙalami da tsohon birnin Rayy, na gida ne.

3.2 Hushang Irani

Wanda ya ɗauko Suriyalanci ɗungurungum shi ne Hushang Irani (1925-1973). A 1951 shi da abokansa na mujallar *Khorus Jangi*, watau Zakaran Faɗa, suka buga takardar manufa mai suna Mahaucin Bulbul. Bulbul tsuntsu ne mai zaƙin murya wanda ya zama tambarin tsohuwar waƙar Farisa, don haka sunan kaɗai ya isa shelar yaƙi. Ba su bar 'yan gargajiya ba, ba su kuma bar mabiya Nima ba. Irani ya zuba sautuka marasa ma'ana a cikin waƙa, ya kuma ba ihu launi a wani ɗango nasa. Wannan ɗango ya zama abin ba'a a jaridun Tehran, har ya koma lakabin da ake yi wa duk wata waƙar zamani da ba a gane ba. Bayan ƙananan diwanai huɗu cikin kimanin shekara biyar sai ya daina buga waƙa, hankalinsa ya koma ga sufanci da hikimomin Indiya.

Ba daidai ba ne a ce Irani bai yi komai ba. Ya nuna wa na bayansa cewa kalma tana da sauti da nauyi ban da ma'anarta ta ƙamus, kuma manazarta na baya-bayan nan sun dawo suna duba aikinsa da idon rahama. Sai dai a zamaninsa bai sami masu sauraro ba, domin ya yanke igiyar da ta haɗa shi da su. Kayan aro ba ya rufe katara.

3.3 Shamlu da Forugh da Sepehri

Mawaƙan da suka ci moriyar Suriyalanci su ne waɗanda ba su taɓa zama 'yan mazhabar ba. Ahmad Shamlu (1925-2000) ya san waƙoƙin Paul Eluard da Louis Aragon, ya kuma fassara Federico Garcia Lorca na Sifen. A nan akwai abin lura. Aragon ya rabu da Breton tun 1932, Eluard kuma a 1938, suka koma waƙar gwagwarmaya wadda talaka zai gane. Ashe ke nan abin da ya iso hannun Shamlu Suriyalanci ne wanda masu shi suka riga suka sa masa linzami. Daga diwaninsa *Hava-ye Tazeh* na 1957 ya kama hanyar barin aruli, ya kafa abin da suke kira farar waƙa. Amma da ya bar kari sai ya maye gurbinsa da amon tsohon zuben Farisanci, kuma ya shafe shekaru masu yawa yana tattara karin maganar titi da camfe-camfe da wasannin yara a cikin *Ketab-e Kucheh*, Littafin Lungu, mai mujalladai da yawa. Mutumin da ya yi wannan wahala ba da jahiltar harshensa ya bar ma'auni ba.

Akwai kuma dalilin siyasa. Bayan juyin mulkin da ya kifar da Muhammad Musaddiƙ a 1953, da kafa hukumar leƙen asiri ta SAVAK a 1957, faɗin magana a fili ya zama haɗari. Shamlu kansa ya sha ɗauri. Mawaƙa suka koma magana da dare da hunturu da bango da asuba, masu karatu kuwa sun san abin da ake nufi. Wannan duhu na habaici ne, irin wanda Bahaushe ya sani sarai: ba a ambaci suna ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Forugh Farrokhzad, wadda ta rasu a haɗarin mota a 1967, ta kai ga ƙarfinta a diwanin *Tavallodi Digar* na 1964. Hotunanta sukan zo da ban mamaki kamar na mafarki, amma daga madubi da taga da lambun gida da jikin mace take ɗauko su, kuma kowane ɗaya yana komawa ga ciwo ɗaya sananne, watau kaɗaicin mace a cikin al'ummar da ba ta sauraronta. Sohrab Sepehri (1928-1980) kuwa ya fi kowa nuna tafiyar gaba ɗaya. Diwaninsa na 1953, Rayuwar Mafarkai, yana ɗauke da tambarin Irani, kuma ba shi ne ake tunawa da shi ba. Abin da jama'a suka haddace shi ne *Seda-ye Pa-ye Ab*, Sautin Takun Ruwa, na 1965, inda ya koma garinsu Kashan da sassauƙan harshe da ruhin sufanci, ya riƙe 'yancin hoto da ya koya, ya yar da ruɗun.

Daga baya Ahmadreza Ahmadi ya fito da *Tarh* a 1962, aka sami abin da ake kira Sabuwar Igiya, Yadollah Royai da abokansa kuma suka fitar da tasu takardar manufa a 1969. Shugabannin sun bar abin karantawa, amma da yawa daga cikin masu kwaikwayonsu sun rubuta Farisanci mai kama da fassara, an kuwa manta da su. A gefe guda, Simin Behbahani (1927-2014) ta zauna a cikin tsohon tsarin gazal, ta shigo da karuruwan da ba a saba da su ba da jigogin zamani, ta nuna cewa ana iya sabunta ɗaki ba tare da an rushe shi ba.

4.0 Me Ya Sa Irin Ya Tsira?

Iri ba ya tsira sai a ƙasar da ta karɓe shi. Farisanci yana da gadon baƙon hoto tun kafin a haifi Breton. Akwai shaɗahat na sufaye, watau maganganun da kan kuɓuce wa waliyyi a halin jazaba, irin waɗanda aka ruwaito daga Abu Yazid al-Bisɗami da Hallaj, wanda aka kashe a Bagadaza a 922. Akwai kuma salon da ake kira na Indiya, wanda Sa'ib Tabrizi da Bidil Dihlawi (ya rasu 1720) suka shahara da shi, inda ake ƙulla ma'ana a nesa ƙwarai har sai mai karatu ya yi gumi. Muhammad Rida Shafi'i Kadkani ya rubuta littafi a kan Bidil a 1987, mawaƙin Larabci Adonis kuma ya fitar da nasa a kan sufanci da Suriyalanci a 1992, inda ya nuna kusancin hanyoyin biyu.

A ganina kamar ta fatar baki ce. Sufi yana fita daga hankali ne bayan doguwar tarbiyya, yana neman Ubangijinsa, maganarsa kuma tana da sharhi. Ruzbihan Baƙli littafi guda ya rubuta don warware shaɗahat. Baitin Bidil kulle yake, amma da mabuɗi. Hoton Breton kuwa da gangan aka ƙera shi ba mabuɗi. Abin da manyan mawaƙan Farisa suka yi shi ne, sun karɓi ƙarfin halin haɗa nesa da nesa daga Paris, amma suka riƙe sharaɗin kakanninsu cewa kowane kulle da mabuɗinsa.

5.0 Darasi ga Waƙar Hausa

Idan muka dawo gida, za mu tarar Bahaushe ba baƙo ba ne ga abin da ya wuce zahiri. A tatsuniya dabba tana magana, ƙwarya tana tafiya, Gizo yana auren 'yar sarki. A *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam da *Ganɗoki* na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar 1933, ana shiga duniyar aljannu a fito. Karin magana na cewa abin mamaki, kare da tallan tsire. Mu dubi kacici-kacici: "Baba na ɗaka, gemu na waje." Wannan hoto ne da zai burge duk wani ɗan Suriyalanci. Amma yaron da aka jefa wa shi a dandali a Ajingi ya san akwai amsa, watau wuta da hayaƙi, idan kuwa ya kasa sai ya ba da gari a faɗa masa. Daɗin yana cikin gano dangantakar da ke ɓoye.

Haka abin yake game da mafarki. A koyarwar Musulunci mafarki iri uku ne: na bushara daga Allah, da na tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Bahaushe idan ya yi mafarkin da ya dame shi, wurin malami yake zuwa neman fassara, littattafan fassarar mafarki da ake dangantawa da Ibn Sirin kuwa suna nan a kasuwanninmu. Kashi na uku, wanda mu ba mu ba shi muhimmanci ba, shi ne Breton ya ɗauka taska. Saboda haka mawaƙin da ya kawo wa Bahaushe mafarki ya ce ba shi da fassara, ya saɓa wa abin da mai sauraro ya taso a kai.

Bari in ƙaga misalai uku don bayani. Idan na ce, "Yunwa ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu," wannan mutuntarwa ce da kowa ya sani. Idan na ce, "Rumbunmu ya yi mafarkin gero, ya farka da yashi a baki," na shiga salon mafarki, domin rumbu ba ya barci, ba shi da baki. Amma duk manomin da damina ta taɓa yaudara a ƙasar Gaya zai gane, watakila ma ya ji abin fiye da yadda bayani zai jiyar da shi. Idan kuwa na ce, "Shuɗin tari ya auri ƙusa," na haɗa nesa da nesa yadda mazhabar ta tanada, amma ba wanda na gaya wa komai. Na biyun shi ne abin da ya kamata mu koya daga Forugh da Sepehri. Na ukun shi ne ramin da Irani ya faɗa, shi ne kuma na gani a takardar ɗalibina.

Game da kari da amsa-amo, ba na cewa haramun ne a taɓa su. Aliyu Namangi ya ɗauki karin *Imfiraji* daga waƙar baka ta Caji, Aƙilu Aliyu kuma ya yi amfani da karuruwan makaɗa a wasu waƙoƙinsa. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja sun shigo da jigogin siyasa da zamani cikin tsarin da malamai suka gada. Duk waɗannan sabuntawa ne. Sai dai rubutacciyar waƙar Hausa rerawa ake yi, kunne ne alƙalinta kafin ido. Wanda zai cire kari dole ya kawo wani amo a madadinsa, kamar yadda Shamlu ya yi, muna kuwa da inda za mu nemo shi: kirari, da take, da zuga irin ta maroƙa, duk suna da amo mai ƙarfi ba tare da bin aruli ba.

Wani zai ce, ashe ba tauye mawaƙi ba ne a ce lalle sai an gane shi? Akwai gaskiya a cikin wannan. Waƙa mai kyau takan fi fassararta faɗi, kuma sabon abu yakan sha dariya kafin a saba da shi. Nima ma an yi masa. Abin da nake nufi da mabuɗi ba ma'ana ɗaya tak da za a rubuta a allo ba ne. Ina nufin a sami wata hanya, ko ta tunani ko ta ji a jiki, wadda mai sauraro na gari zai bi ya isa inda mawaƙi yake. Idan an yi shekaru ba wanda ya iso, to, mai yiwuwa ba kowa a ɗakin.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa Suriyalanci bai haifi sabuwar waƙar Farisa ba, ya dai ƙara mata ƙarfin hali wajen siffantawa. Wanda ya ɗauke shi yadda yake ya rasa jama'a, waɗanda suka narkar da shi cikin gadonsu kuwa su ake karantawa har yau. Tarihin baka na ƙasarmu ya ce Bayajidda daga Bagadaza ya taso, amma da ya buƙaci makamin da zai kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙa. Baƙon ra'ayi yana iya zuwa daga ko'ina, a yi masa maraba. Makamin da zai yi aiki da shi a cikin Hausa kuwa sai an ƙera shi a maƙerar gida.

Shawarata ga 'yan'uwana malaman kwalejojin ilimi guda biyu ce. Ta farko, kada mu kori ɗalibin da ya zo da irin wannan waƙa, kada kuma mu tafa masa don tsoron a ce ba mu waye ba. Mu koya masa tarihin abin da ya ara. Ta biyu, kafin ya bar ma'auni, a tabbata ya iya shi, a kuma tura shi ya tattaro tatsuniyoyi da kacici-kacici da kirari daga bakin tsofaffin garinsu. Haka na yi da ɗalibin nan. Na ce ya je ya rera waƙarsa a gaban kakarsa, ya dawo ya gaya mini ɗangon da ta nemi ya maimaita, daga wannan ɗango za mu fara gyara.

Allah ya sa mu dace, amin.